Tsofaffin kwamfutoci sun faɗo mini a kayan gwanjo, in zuba musu adashena?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran kwamfuta ne a Titin Beirut da ke Kano, shekarata shida a wannan sana'a. Kwanan baya na sayi ragowar kayan wata kwantena a kasuwar Alaba, a dunƙule, don in riƙa ciro kayan gyara. Da na kwance sai ga wasu tsofaffin injuna da ban taɓa gani ba: Commodore 64 guda biyu, Amiga 500 ɗaya, kibod na IBM masu nauyi guda huɗu, da monita biyu masu ƙeya. Na leƙa intanet na ga Turawa suna sayensu da dala. Watan gobe zan kwashi adashe, naira miliyan ɗaya da dubu 200. Wanda ya sayar mini ya ce irinsu na nan da yawa, zai tara mini. In zuba kuɗin, in riƙa gyarawa ina turawa waje?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka zuba. Kada kuma ka jona ko ɗaya daga cikinsu da wuta sai ka kai ƙarshen wannan amsa, don na san hannun mai gyara ba ya jure ganin soket.

Mu fara da wanda zai saya. Commodore 64 ta fito a 1982 a kan dala 595, kuma an sayar da fiye da miliyan 12, abin da ya sa ake lissafa ta cikin kwamfutocin da suka fi kasuwa a tarihi. Yaran Jamus da Ingila da Amurka da suka taso da ita a ɗakin kwana yanzu sun haura hamsin, suna da albashi, suna neman abin da zai tuna musu ƙuruciya. Ƙuruciyarsu suke saye da dalar nan da ka gani. Mu kuwa a 1982 wane gida ne a Fagge ko Gwammaja aka ajiye wa yaro kwamfuta? Tafireta muka sani a ofis da bakin kotu, sai daga baya shagunan buga takardu suka zo. Saboda haka ba ka da mai saye a gida. Duk cinikin naka ya dogara ne da mutumin da ke bayan teku, wanda bai san ka ba, kuma maƙwabcinsa na da irin injin a ɗakin ajiya zai sayar masa ba tare da kuɗin jirgi ba.

Farashin da ka gani ma ina zargin na masu tallatawa ne. Kowa na iya rubuta abin da ransa ke so a kan kayansa, kamar yadda mai rago ke yi saura wata guda layya. Koma shafin saye da sayarwa na eBay ka zaɓi jerin kayan da aka riga aka sayar, a nan za ka ga abin da aka biya da gaske. Labaran da ke ruɗar mutane na wasu injuna ne daban. Apple-1 ta 1976, kwamfutar farko ta kamfanin Apple, wadda kusan 200 kawai aka ƙera, an sayar da guda ɗaya dala dubu 905 a gwanjon da aka yi a birnin New York a 2014. Abin da aka ƙera miliyoyinsa ba zai taɓa shiga wannan layi ba.

Yanzu ɗauko biro. Kamfanonin aika kaya ta jirgi ba nauyin sikeli kaɗai suke caji ba, har da girman kwali: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5000. Commodore 64 ba ta wuce kilo 2 ba, amma kafin ka naɗe ta yadda ba za ta fashe ba, robar da ta shekara arba'in ga ta da gautsi, kwalin zai kai 50 da 40 da 30. Kilo 12 ke nan za a caje ka. Shafin zai cire la'adarsa, sama da kashi 10 cikin ɗari. Mai saye a Tarayyar Turai zai biya harajin kaya ko da ƙaramin abu ne, don tun watan Yulin 2021 aka soke rangwamen da ake yi wa ƙananan saƙonni, kuma zai sa wannan a lissafi kafin ya taya. In kaya ya isa ya ce bai same shi yadda ka siffanta ba, dokar shafin ta ba shi damar mayarwa, kuɗin dawowar a wuyanka. Mayarwa ɗaya ta isa ta cinye ribar injuna da dama. Ban ma taɓo maganar yadda kuɗin zai shigo hannunka ba. Wannan shi ne abin da za ka fara warwarewa da bankinka da kuma shafin, a rubuce, kafin ka sayi ko da waya ɗaya. Monita masu ƙeya kuwa ka cire su daga lissafin fitarwa gaba ɗaya, gilashi ne mai nauyi.

Sai maganar mutuminka na Alaba. “Zan tara maka” cinikin biri a sama ne. Jiya a matsayin bola ya sayar maka da su, yau ka nuna masa kana so, gobe za su zama kayan tarihi a bakinsa. In za ka karɓi wani abu daga hannunsa, ya turo hoton takardar da ke manne a ƙasan injin da hoton cikinsa a buɗe, kuma ka saya a farashin kayan da ba sa aiki, domin har sai ka gwada matattu ne.

To, waɗanda ke hannunka fa? Su ka riga ka biya, kuma za su iya zama makarantarka. A nan zan ɗan daɗe, domin mafi yawan asarar da ake yi da irin waɗannan injuna a minti ɗaya na farko ake yin ta.

Na taɓa zama a shagon wani mai gyara, yaronsa ya ɗauko tsohon inji daga cikin buhu, ya hure ƙura, ya danna filogi a soket. Ƙara ɗaya muka ji, tas, sai farin hayaƙi mai wari kamar an ƙona takarda da sukari ya cika shagon. Maigidan bai ce komai ba, ya dai juya injin ya nuna wa yaron takardar ƙasa: na Amurka ne, mai cin wuta bolt 120, mu kuwa tamu 230 ce. Don haka takardar nan ita ce farkon karatu. Ko injin Turai ne mai irin wutarmu, akwai wasu kafasitoci, 'yan ƙananan kayan da ke riƙe wuta, samfurin RIFA a sashen wuta na injuna irin su BBC Micro da Apple II da jikinsu ke tsagewa da tsufa, su sha danshi, su yi hayaƙi da zarar sun ji wuta. Canza su ake yi kafin gwaji.

Commodore 64 maƙiyinta na cikin gida, wato adaftar da ta zo da ita, wani ƙaton bulo da aka cike cikinsa da roba mai tauri yadda ba ya gyaruwa. Wuta biyu yake bayarwa, bolt 9 da bolt 5. In ya tsufa, layin 5 ɗin sai ya fara hawa, ya bi ƙwayoyin ƙwaƙwalwar injin ya ƙone su ɗaya bayan ɗaya. Sa mita ka auna shi shi kaɗai, in ka ga ya wuce 5.2 ka ajiye shi gefe ka nemi sabo, ana ƙera su har yanzu. Duba kuma babbar ƙwayar hoto: in 6569 aka rubuta, ta Turai ce mai tsarin PAL irin na talabijin ɗinmu, in 6567 ce ta Amurka ce. Akwai wata ƙwaya mai lamba 6581 ko 8580, ita ke fitar da sauti, ana kiran ta SID. An daina ƙera ta tun da daɗewa, kuma makaɗa na neman ta. Sau da yawa inji ya mutu amma ita tana da rai, ga ta ba ta kai akwatin ashana nauyi ba. In akwai abin da ya cancanci ambulan zuwa Turai a cikin kayanka, ita ce. Sai dai jabunta sun yi yawa a kasuwa, mai saye zai so ya ga bidiyonta tana kiɗa a cikin inji.

Amiga 500, ta 1987, juya ta ka buɗe 'yar ƙofar da ke ƙasa. In akwai katin ƙarin ƙwaƙwalwa a ciki, galibi yana ɗauke da wani batir mai kamar ƙaramar ganga. Shi ne ke yoyo, ruwansa ya ci layukan tagulla har su koma kore. Yanke shi, ka goge wurin da ruwan tsami na binega a auduga, sannan ka bi da sifirit na wanke fanel ka bar shi ya bushe sosai. Monita kuma ka yi hattara: bututun gilashin da ke cikinsu na riƙe dubban bolt ko bayan an zare wuta. In ba ka taɓa sauke wutar irinsu ba, ka kai wa tsofaffin masu gyaran talabijin, suna nan ba su ƙare ba, kuma sun fi ka sanin wannan.

Kibod ɗin nan huɗu su ne na fi sa wa rai. In Model M ne, waɗanda IBM ta fara fitarwa a tsakiyar shekarun 1980, za ka ga ranar ƙira a takardar baya. Kowane maɓalli da sifirin ɗinsa, shi ya sa suke ƙara kamar tafireta. Ciwonsu sananne ne: ƙusoshin roba da suka riƙe farantin ƙarfe na ciki suna karyewa, sai ka ji suna kaɗawa in ka girgiza. Ana hudawa a maye gurbinsu da ƙananan noti. Ka wanke maɓallan da ruwan sabulu, ka haɗa da 'yar na'urar da ke juya tsohon bakin zuwa USB, sai ya yi aiki da kwamfutar yau. Shi kam yana da mai saye a gida, matasan da ke rubuta manhaja a Legas da Abuja da nan Kano, masu wuni suna bugu. Ba jirgi, ba dala, mota ce za ta kai.

Amma inda nake so ka juya ido shi ne wajen mutanen da tsohon inji ke ciyar da su yau ɗin nan. Shiga wajen masu aikin kwamfuta a wuyan riga da hula. Tsofaffin injunan surfani na Tajima da Barudan da ake shigo da su na hannu, da yawansu da faifan fulofi suke karɓar zane. Sony ta daina ƙera faifan tun 2011, waɗanda suka rage suna ta mutuwa, ƙurar hunturu kuma ba ta barin kan da ke karanta su ya zauna lafiya. Haka tsofaffin fiyano na Yamaha PSR masu ramin faifai da ke ɗakunan haɗa waƙa. Haka firintocin allura irin Epson LX-300, da har yanzu ake buga rasit mai kwafi biyu ko uku da su, don firintar zamani ba ta danna takarda balle rubutu ya ratsa. Maganin injunan surfanin da fiyanon wata 'yar na'ura ce, an fi sanin samfurin Gotek, da ake cire ramin faifai a sa ta a gurbinsa: gabanta ramin filash ne da maɓalli biyu, inji kuwa yana ɗauka faifai yake karantawa. Gwanintar tana wajen dacewa. Wani injin faifai mai 720KB yake ganewa, wani mai 1.44MB, wani bakin wayarsa 34 ne, wani 26. Wanda ya san wannan bambanci shi ake kira.

Ka kwatanta masu sayen biyu. Baturen can nishaɗi yake nema, zai iya jira shekara yana taya kaya. Mai injin surfani da ya tsaya saura kwana goma Sallah, ga shaddodin mutane jibge, a daren zai nemo lambarka kuma ba zai ja ciniki da nisa ba. Ka yi masa adalci, kada ka shaƙe shi don ka gan shi a matse, domin shi ne zai kai sunanka layin gaba ɗaya. Amma ka sa kuɗin dubawa daban, a biya ko gyara ya yiwu ko bai yiwu ba. Ka karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kayan da za ka yi oda. Kafin ka taɓa komai ka kwafe duk zanen da ke faifansa ka ajiye masa a wuri biyu, don zanen ya fi ramin faifan daraja nesa ba kusa ba. Kuma ka faɗa masa a gaban shaida cewa inji mai shekara talatin na iya fito da wani ciwon bayan ka warkar da wannan.

Game da adashen, ga yadda zan yi in ni ne. Kashi ɗaya cikin goma kawai zan ware, dubu 120. A ciki zan sayi ƙarfen dalma mai daidaita zafi in babu, da abin zuƙe dalma, da kafasitoci masu kyau, da na'urar maye gurbin faifai guda uku ko huɗu iri daban-daban, da adafta sabuwa ɗaya ta Commodore don gwaji. Sauran ya koma cikin sana'ar da ta riƙe ka shekara shida: sikirin, batir, caja, abin da ake tambaya kullum. Ka buɗe wa sabon layin littafinsa daban, ka rubuta har da awannin da ka ɓata, domin gyaran tsohon inji lokaci yake ci fiye da kuɗi, kuma wunin da ka yi kana bin layin tagulla ɗaya wuni ne da ba ka canza sikirin uku ba. Bayan wata shida ka duba littafin. In ya mayar da dubu 120 ɗin har da ɗori, ka ƙara masa daga ribarsa.

Ka kuma yi magana da 'yan jari bola na unguwarku da na Ƙofar Ruwa. Su da kilo suke sayarwa, kuma kibod ko ramin faifai da ya faɗo hannunsu guduma ce makomarsa. Ka nuna musu hoto a waya, ka ce duk wanda ya kawo irin wannan bai fasa ba za ka ɗora masa wani abu a kan kuɗin kilo.

Amiga ɗin dai kada ta kwana da batirin nan a cikinta. In ka buɗe, ka turo mini hoton katin da na takardun bayan kibod ɗin huɗu.