Tambaya da Amsa: Wace manhaja ce za ta faɗa min katakon da gandu zai bayar nan gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a fannin gandun daji, an ba ni aikin ƙiyasta katakon da wani gandu ɗan shekara 8 zai bayar nan da shekara 10. Na ji ana ta maganar manhajar FVS (Forest Vegetation Simulator, mai hasashen girman gandu), don Allah ita zan sauke ko akwai wadda ta fi ta?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ka ɗan yi gaggawa, manhaja ba boka ba ce, abin da ka zuba mata shi za ta dafa maka, don haka ajiye kwamfutar tukuna ka ɗauki tef ka shiga gandun.

Abu na farko kauri. Ana auna shi a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wato saitin ƙirji (Amurkawa ƙafa 4.5 suke amfani da shi, ya ɗan ɗara namu kaɗan). In wurin gangare ne ka tsaya ta ɓangaren tudu, in itacen ya rabu biyu a ƙasan wannan tsayin to itace biyu ne ba ɗaya ba. Akwai tef na musamman da ke ba ka faɗin kututture kai tsaye, in ba ka da shi tef na kowa ma ya isa, ka zagaya ka raba da 3.14. Amma don Allah ka rubuta a saman takarda wanne kake aunawa, na taɓa karɓar takardun awo rabi kewaye rabi faɗi ba alama ba komai, sai da aka sake komawa daji.

Ga dalilin da ya sa nake ta nanatawa. Itace mai faɗin santimita 30, faɗin fuskarsa in an yanka shi murabba'in mita 0.0707 ne, in tsayinsa mita 20 ne kuma muka ce lambar siffarsa 0.45 (tunda itace yana tsukewa ne yana yin sama, ba bututu ba ne) za ka samu kusan kubik mita 0.64. To bari tef ɗinka ya karkace ko ya hau kan ƙulli ka karanta 33 maimakon 30, kuskuren kashi 10 ne a awo amma a lissafi ya koma kashi 21, saboda faɗin ana ninka shi ne da kansa, kuma haka zai bi ka har shekara ta 18 ɗin da kake hasashe.

Tsayi kuma kilinomita (na'urar auna kusurwa da ake gano tsayin itace da ita) irin ta kamfanin Suunto ta wadatar, masu hali suna amfani da na'urar Vertex ta kamfanin Haglöf. Ba kowane itace ake auna wa tsayi ba.

Ba kuma duk gandun za ka ƙirga ba. Ka yanki filayen gwaji, da'ira mai igiyar mita 12.62 daga tsakiya tana ba ka murabba'in mita 500, ka ninka da 20 ka samu hekta. Kar ka zaɓi inda itatuwa suka yi kyau, kowa na yin wannan ba tare da ya sani ba, ka bi layi da tazara ɗaya duk inda ta faɗa nan ne. Akwai hanyar Walter Bitterlich ɗan Ostiriya ta 1948, kana tsaye wuri ɗaya kana juyawa kana leƙawa ta wani ɗan ma'auni kana ƙirga itacen da kaurinsa ya cika maka kusurwar ma'aunin, tana da sauri sosai amma ba ta gaya maka yadda itatuwan ke ƙara girma.

Yanzu FVS ɗin. Ta hukumar gandun dajin Amurka ce, tushenta aikin Albert Stage na 1973, kyauta ce kuma tana da kyau, sai dai an gina ta ne da itatuwan Amurka, kowane yanki da nasa nau'in manhajar. In gandunka ba can yake ba za ta ba ka lambobi masu kyan gani da ba su da alaƙa da itacenka. Wata manhajar mai suna 3-PG, ta Landsberg da Waring, 1997, ta fi yawo a duniya, an yi aiki da ita sosai kan itacen turare, amma tana son bayanan ruwan sama da zafi na wata-wata da yanayin ƙasa. Don lissafin girman itace ɗaya ka leƙa shafin intanet na GlobAllomeTree na FAO (hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya) ka nemi lissafin irin itacenka.

Ni da ni ne kai, tunda awo ɗaya ba ya nuna yadda itace ke ƙara girma kuma ba ka da shekarun jira, zan nemi gandaye na irin wannan itacen a ƙasa mai kama da taka, masu shekara 5, 12, 18, 20, in auna su duka, in zana yawan katako a hekta da shekaru a manhajar Excel ko R, in ɗora lanƙwasar Chapman-Richards (lissafin da ke nuna yadda girma ke tafiya da shekaru) a kai. Daga nan ka fitar da abin da gandu ya ƙara bana da kuma matsakaicin abin da yake ƙarawa tun dasawa, inda layukan biyu suka haɗu nan ne matsakaicin ya kai ƙololuwa. Ka tambayi tarihin kowane gandu, an taɓa rage masa itatuwa ko gobara ta shiga, in ba haka ba za ka ɗauka ƙasar ce mara kyau.

Filayen da ka auna kuma ka kafa ƙarfe a tsakiya, ka ɗauki GPS, ka sa wa kowane itace lamba da zoben fenti daidai inda tef ya zauna, don wanda zai dawo bayan shekara 3 ya ɗora nasa a kan naka.