Ina Labarin Scalebound?

Tambaya: Malam, tun 2014 da na ga tallar wasan bidiyo na Scalebound nake jiran fitowarsa. Idan na tura wa Hideki Kamiya, daraktan wasan, saƙo, zai iya farfaɗo da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, sai dai ka yi haƙuri. Microsoft ta soke wasan a watan Janairun 2017, kuma haƙƙin mallakarsa yana hannunta, don haka Kamiya ba shi da ikon taɓa shi sai da yardarta. Ya ma bar PlatinumGames, kamfanin da ya yi aikin wasan, a Oktoban 2023. Yanzu yana kamfanin Clovers, suna aikin sabon kashi na wasan Okami tare da kamfanin Capcom.

Amma ya yi magana kan abin da ya faru, kuma na jinjina masa. A wata hira a 2021 ya nemi afuwar masu jira, ya ce shi da ma'aikatansa ba su ƙware ba wajen gina wasan da mutane za su haɗu su buga ta intanet, ga manhajar gina wasanni ta Unreal da ba su saba da ita ba. Shugabanni kaɗan ne ke ɗaukar laifi haka.

Har yau ina jin takaicin rashin ganin Drew, jarumin wasan, a kan dodonsa Thuban. Idan za ka rubuta, Microsoft za ka rubuta wa.