Hukuncin Shan Kankana Marar 'Ya'ya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ce mini kankanar nan da ba ta da 'ya'ya canza halittar Allah ce, kuma ba ta da amfani a jiki kamar ta asali. Ya halatta in sha?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ya halatta, ɗan'uwa, babu ko karhanci a ciki. Asalin duk abin da ƙasa ta tsirar halal ne har sai an samu nassin da ya haramta shi ko cutarwarsa ta tabbata. Allah Ya ce a Baƙara, aya ta 29, Shi ne Ya halitta mana abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya.

Kafin hukunci sai an san abu. Kankanar da aka saba tana da ƙwayoyin gado 22, waɗanda masana ke kira kuromosom. Ana ninka na wata su koma 44, a aurar da ita da mai 22, sai a samu mai 33, wadda 'ya'yanta ba sa ƙosawa. Fararen ɓawon nan masu laushi da kake gani a ciki su ne ragowarsu. Ba a sa mata wani abu daga dabba ba, kankana ce aka haɗa da kankana. Misalinta alfadari ne, ɗan jaki da goɗiya, ba ya haihuwa, amma Annabi (SAW) ya hau shi. Kuma game da barbarar dabino, Muslim ya ruwaito cewa ya ce wa manoman Madina su ne suka fi sanin al'amuran duniyarsu. Don haka ayar Nisa'i ta 119, mai magana kan canza halittar Allah, ba ta hau kan wannan aikin noma ba.

Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Annabi (SAW) yana haɗa kankana da ɗanyen dabino. Ibnul Ƙayyim ya ce wannan kaɗai ne ya inganta a babin, saboda haka a bar yaɗa sauran falalolin kankana da ake jingina wa Annabi (SAW).

Ta fuskar lafiya kuwa, tsokarta ɗaya take da ta mai 'ya'ya. Kusan kashi 92 cikin ɗari ruwa ne, giram 100 bai wuce kalori 30 ba, ga bitamin C da A da sinadarin fotasiyam. Jan launin nan daga sinadarin laikofin yake, wanda ke taimaka wa jiki kare ƙwayoyinsa. Abin da ka rasa kawai shi ne sinadarai irin su furotin da maganiziyam da ke cikin baƙaƙen 'ya'yan, su ɗin ma da yawanmu tofar da su muke yi.

Mai ciwon suga ko na ƙoda ya tambayi likitansa gwargwadon da zai sha. Idan likita amintacce ya hana shi, to barinta ya zama wajibi a kansa shi kaɗai.

Wallahu a'alam.