Amsar gwaggo kan jeren ɗaki da kwalliyar zamani

Ɗiyata, ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Saƙonki ya iso Tawa. Kin ce gidan hayar da za a kai ki a Yamai ɗaki biyu ne da falo, kina son filafon staf, wato rufin ciki na farar filasta, mai ƙananan fitilu, da karo na daɓen ƙasa, da takardar bango, ba ki son bife cike da kwanoni. Innarki kuma ta ce amarya ba jere abin kunya ne. Kina tambaya ko barin jere saɓa wa al'ada ne.

Kayan jere ba su taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Kakanninmu ƙore masu zane aka jera musu, da faya-fayi a bango. Tasoshin tagulla suka shigo, kwalla mai fure ta ture su, tangaran da gilashi suka shiga bife, yanzu ga kuloli. Gado ma daga na ƙasa da na kara aka koma na ƙarfe mai rumfa, aka koma na fomika. Abin da ya daɗe bai motsa ba shi ne wa ke kawo me, kuma na wa ne. Miji ke samar da muhalli ya gyara shi. Iyayen amarya ke kawo abin da ake ɗauka a aje: gado, katifa, kujeru, labule, kayan girki. Waɗannan mallakar amarya ne, ko an tashi daga gidan, ko aure ya samu matsala, Allah ya kiyaye, da kayanta take fita. Shi ya sa mata suke tara kwalla, domin dukiya ce da ake iya sayarwa ran buƙata ba tare da an roƙi kowa ba.

To ki duba abin da kike so. Staf da karo da fenti manne suke da gini, ba a cire su a tafi da su. In kuɗin babanki suka shiga filafon gidan haya, mai gida aka yi wa jere. Wannan aikin na angonki ne, shi ma ya zauna da mai gidan tun kafin a taɓa bango, a rubuta ko za a cire kuɗin gyaran daga haya. Kuɗin ɓangarenmu su tafi ga abin da yake naki. In ba ki son kwanoni hamsin, a rage su a saya miki zinariya, ko keken ɗinki, ko firiji.

Amma innarki tana da gaskiyarta. Shekaru take kai gudunmawa bikin ƙawayenta, yanzu lokacin ramawa ne, kuma kowace za ta zo ganin ɗaki tana neman abin da ta kawo da ido. Wadda ba ta ga nata ba, za ta riƙe innarki a zuciya. Don haka a jera komai a kwanakin biki. In baƙi sun ɗauke ƙafa, ki ware na amfanin yau da kullum, sauran ki goge ki mayar kwali. Dangi na kusa kuwa a gaya musu tun yanzu su haɗa kuɗi a sayi abu babba guda.

Aiki kuma bi da bi ake yin sa, wanda ya tsallake mataki sai ya biya sau biyu. A fara da rufin kwano, a toshe duk inda yake yoyo, sai wayoyin wuta, sai filafon, sai karo, fenti a ƙarshe. Staf ba ya jure ruwa: ɗigo kaɗan a watan Agusta ya isa ya bar tabo ruwan ƙasa, in ya daɗe ya zubo. Kada a sauke filafon ƙasa da mita 2.8, domin ɗaki mai gajeren rufi zafi yake tarawa, kin kuwa san Afrilu da Mayu a Yamai ana wuce digiri 40. A bar ƴan kafofin iska masu raga tsakanin kwano da filafon don zafin ya samu mafita, a bar ƙaramar ƙofa ta shiga gyara. Ƙugiyar fanka a jikin ƙarfe ko katakon rufi ake ɗaure ta, ba a jikin staf ba. Fitilun nan masu kamar igiya da ake ɓoyewa a gefen filafon suna da ƙaramin taransifoma, shi ne ke fara ƙonewa saboda zafi da hawa da saukar wuta. Ki sa a aje shi inda hannu ke kaiwa, in ba haka ba sai an fasa staf kafin a canja shi. Kuma ki bar fitila guda babba ta gaske, don ta ado ba ta isa karatun Alƙur'ani ko tsintar shinkafa.

Karo da lissafi ake saye. Ɗaki mai mita 4 tsawo da 4 faɗi murabba'in mita 16 ke nan, a ƙara kashi 10 cikin 100 na yanka da fashewa, ya kusa 18. Mai girman santimita 60 kowane gefe yawanci huɗu ne a kwali, wato murabba'in mita 1.44, kwali 13 ke nan. A saye su rana ɗaya daga kaya ɗaya, don launin wani zubin yakan ɗan bambanta. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakaninsu. Kafin a sallami magini ki bi su ɗaya bayan ɗaya kina ƙwanƙwasawa da makulli, wanda ya yi amon fanko siminti bai kama ƙarƙashinsa ba, shi zai fara tsagewa. Mai ƙyalli kada ya shiga makewayi ko wurin alwala, santsinsa ya karya tsofaffi da yawa. Fari fat da baƙi wuluk duka suna tona ƙura, mai launin yashi ya fi rufa asiri a hunturu.

In an yi sabon shafen siminti, a ba shi mako huɗu ya bushe kafin fenti, in an yi gaggawa sai farin gishiri ya fito fentin ya riƙa ɓarewa. Bangon wancan ɗakin in tsayinsa mita 3 ne, bayan an cire ƙofa da taga wajen murabba'in mita 44 ne, shafi biyu zai ci kimanin lita 10. Takardar bango ba na ba ki shawarar ta a ɗaki duka. Bangon yamma yana shan ranar la'asar har gam ya bushe bakin takardar ya naɗe, da damina kuma laima na tasowa daga ƙasan bango, kyankyasai da gara su samu maɓoya a bayanta. In ranki ya kwanta a kanta, bango ɗaya na cikin gida wanda rana ba ta duka.

Wurin kujeru da gado nan ne ake cutar amare. Yawancin kayan da ke ƙyalli a shago garin katako ne aka matse da gam aka liƙa masa fuska. Ki leƙa bayan kabad ɗin ko ƙarƙashinsa, za ki ga dusar. Ruwan goge ƙasa in ya taɓa ƙafarsa sai ya kumbura, in an kwance shi sau biyu wajen ƙaura kusoshi ba sa ƙara kamawa. Mai zaman haya katako na gaske ko ƙarfe ya dace da ita, ko da kwalliyarsa ba ta kai ba. Fatar roba ɓarewa take da zafi, karan-miski kuma ƙura yake sha. Zaman ƙasa irin na Larabawa da ƴan Maroko da ake yayi yanzu ya fi dacewa da mu: soso mai tauri, kauri santimita 15 zuwa 20, da riguna masu zif da ake cirewa a wanke. Ya kuma sauƙaƙa miki ladabi, don in surukarki ta zauna ba za ki tsaya neman inda za ki raɓa ƙasa da ita ba. Ko kujeru kika saya, kada tabarma da darduma su rasa wuri a falonki, tsofaffi da yawa ƙasa suka fi so. Fankar nan mai shan ruwa tana aiki a busasshen zafin bazara in an bar taga a buɗe, amma a nisanta ta da katako da takardar bango.

Labule faɗinsa ya ninka na taga sau biyu, shara-shara a ciki, mai kauri a kansa. Kaskon turaren wuta a aje shi nesa da labule, kusa da ƙofa, hayaƙinsa yana dafar da farin filafon. Kafin a kafa gado a ware wurin salla ta gabas, kuma allon aya kada a rataye shi inda ƙafafu ke miƙewa.

Abin da masu zanen gidaje ke komawa gare shi yanzu, launin ƙasa da kayan hannu, namu ne tun asali. Masallacin Yama a nan jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa da laka a 1962, ya samu kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986. A ƙauyen Dandaji, mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin laka ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa matsattse, aka gama a 2018. Saboda haka kada ki ji nauyin sa tumtum na fata a falo, ko bargon tera-tera a bango, ko randar garin Bubon a kusurwa. Ki zaga wurin masu sana'ar hannu a Wadata da gidan tarihi na Bubu Hama kafin ki shiga shagunan kayan waje. Fata dai ki shinshina ta kafin ki biya, wadda jimarta ba ta yi ba da damina take wari. Faya-fayi bakwai ko tara masu launi a bango ɗaya sun isa ado, innarki ma za ta ga jere.

Kada a sayi gado ko kabad sai an auna ɗakunan da faɗin ƙofofin, don sau da yawa kaya na isowa su ƙi shiga. Ki sa angonki ya auno, ya duba wane bango ne ke kallon yamma, ki aiko mini kafin innarki ta je Babbar Kasuwa. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya.

Gwaggonki.