An sa ni cikin alƙalan gasar fastocin bincike, me zan duba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malama ce a wata makarantar koyon aikin lafiya a nan Sakkwato. Ɗalibanmu na ajin ƙarshe za su baje binciken da suka yi a jikin fastoci, wato manyan takardun da ake mannawa a bango, an kuma sa ni cikin alƙalai uku da za su ba da maki. Ban taɓa yi ba. Takardar makin da aka ba mu tana da gurbi huɗu: tsari, hanyar bincike, sakamako, da iya bayani. Tsorona kada kyan bugu da zubin Turanci su ɗauke mini hankali in zalunci wani. Ga shi kuma biyu daga cikin ɗaliban ni na duba musu aikin. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taya riƙo. Tsoron nan naki yana kan hanya, domin na sha ganin fosta mai sheƙi ta sha gaban wadda ta fi ta nama. Buga babbar fosta mai launi kuɗi ne, kuma ba duk ɗalibi ke da su ba. Saboda haka gurbin tsari shi ya kamata ya ɗauki maki mafi ƙanƙanta, kuma awonsa bai da wuya. Ki ja da baya taku biyu. In kina iya karanta taken, kuma cikin minti ɗaya kin gane abin da aka tambaya da amsar da aka samu, to tsari ya yi, ko da a kan kwali aka rubuta da hannu.

Inda nake so ki daɗe shi ne kan tambaya ɗaya da nake yi wa kowane ɗalibi: su wa ka tambaya, su wa kuma ba ka samu ba? Ilimin lafiyar al'umma kusan duka a nan ya rataya. Na taɓa tsayawa gaban fostar wata ɗaliba mai ƙwazo, takenta yana magana kan yadda matan jihar Sakkwato suka fahimci riga-kafin yara, sakamakon kuma mai faranta rai, kusan kowa ta sani, kusan kowa tana kai ɗanta. Da na tambaye ta inda ta samu matan, sai ta ce a layin awon ciki na wani asibiti cikin gari. To matar da ta tako da ƙafarta ta zo awo ai ta riga ta yarda da asibiti. Wadda muke nema ita ce wadda ba ta zo ba. Babban binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a jihar Sakkwato kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na yara 'yan wata 12 zuwa 23 suka kammala riga-kafin farko, mafi ƙanƙanta a duk Najeriya a lokacin. Duk fostar da ta kawo adadin da ya yi nesa da irin wannan hoton, dole mai ita ya faɗi dalili. Ita ɗalibar ba ƙarya ta yi ba, taken ne ya fi aikin girma. Da ta rubuta "matan da ke zuwa awo a asibiti kaza", da ban rage mata komai ba.

Ki lura da wannan sosai, domin yanayinmu yana jawo shi. Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 23, amma ɗalibi ba shi da kuɗin mota, ga matsalar tsaro a yankin gabas kamar Isa da Sabon Birni, don haka sai ya tsaya a unguwannin cikin gari kamar Mabera ko Runjin Sambo. Wannan ba laifi ba ne, muddin ya faɗa. Haka ɗalibi namiji da ya je ƙauye a Kware ko Bodinga: iyakarsa zaure, maigida ne zai amsa masa tambayar shayarwa da yaye, alhali ba shi ke yi ba. Ki tambaye shi wa ya shiga cikin gida. Ki tambaye shi gida nawa aka hana shi, da abin da ya yi da ya tarar mutanen sun tafi gona ko ranar kasuwa ce, da ko ya leƙa rugar Fulanin da ke bayan gari. Ɗalibin da ya ce miki "gida kaza sun ƙi, ga dalilin da nake zato" ya fi wanda ya ce kowa ya amsa, ba ko mutum ɗaya da ya ƙi.

Za ki ga lamba 384 tana yawo a fastoci da yawa a matsayin yawan mutanen da aka tambaya, wani lokaci 422 in an ƙara kashi 10 saboda waɗanda ba za su amsa ba. Lambar tana da asali: ita lissafi ke bayarwa idan aka ɗauka rabin mutane na da abin da ake nema, ana son tabbaci na kashi 95, da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba. Amma lissafin ya ginu ne a kan cewa an zaɓo mutane ta hanyar ƙuri'a, kowa na da damar fitowa daidai da kowa. Wanda ya shiga unguwa ɗaya ya bi gida-gida har ya cika 384 bai cika wannan sharaɗin ba, domin maƙwabta suna shan rijiya ɗaya, suna sauraron malami ɗaya, amsarsu takan yi kama. Shi ya sa tsohon tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na auna riga-kafi yake warwatsa aikin zuwa gungu 30, yara 7 a kowane gungu, jimla 210. Ba sai ɗalibi ya haddace wannan ba. Ki dai ce masa, "Daga ina ka samo lambar nan?" Amsar za ta nuna miki ko ya gane ko kwafa ya yi. Ni dai na fi ganin ƙimar mutum 80 da aka zaɓo bisa ƙa'ida aka faɗi gaskiyar iyakarsu, a kan ɗaruruwan da aka tsinta a bakin hanya.

Sai yadda aka yi tambayar kanta. Takardar tambayoyi da Turanci ake rubuta ta, amma da Hausa aka yi hira, kuma a tsakanin nan abubuwa da yawa ke zubewa. Ki ce ɗalibin ya faɗa miki tambayarsa mafi muhimmanci kamar yadda ya furta ta a cikin gida. Idan uwa ta ce ɗanta ya yi zazzaɓi, shi kuma ya rubuta maleriya ba tare da gwajin jini ba, an samu giɓi. Idan ya tambayi mata "kina kwana cikin gidan sauro?" kowa za ta ce e, don ta ga ma'aikacin lafiya da farar riga, ba ta son ta ba shi kunya. Wanda ya nemi a nuna masa gidan sauron a ɗaure, ya kuma tambayi wa ya kwana a ciki daren jiya, shi ya yi aiki. Watan da aka yi binciken ma magana ne. A Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 mutane na kwana a tsakar gida, amsar da za a samu daban take da ta Agusta. Haka maganin riga-kafin maleriya da ake rabawa gida-gida da damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59: na kwana uku ne a kowane zagaye, na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake barinsa. Fostar da ta ƙirga waɗanda suka karɓa kawai, ba ta bi sawun sauran kwana biyun ba, rabin labari ta kawo.

A gurbin sakamako, ki ɗauki biro ki tara alƙaluman jadawali ɗaya da kanki. Ba ya cin minti biyu, kuma za ki yi mamakin yawan waɗanda jimlarsu ba ta haɗuwa da adadin da aka faɗa a sama. Ki nemi ainihin lamba kusa da kowane kaso, don "kashi 50" na iya zama mutum 2 cikin 4. Kada alamar nan ta p ƙasa da 0.05, wadda ake ɗauka a matsayin shaidar cewa bambancin da aka gani ba dace ba ne kawai, ta rufe miki ido. Manhajojin lissafi irin su SPSS ko Epi Info za su fitar da ita ko da bayanan da aka zuba musu gurɓatattu ne, kuma ba ta nufin bambancin da aka gani yana da girma ko yana da amfani. Mafi yawan binciken ɗalibai na lokaci ɗaya ne, an je an tambaya an dawo. Irin wannan yana iya nuna abu biyu na tafiya tare, ba ya iya cewa wannan ne ya haifar da wancan. A ce an ga gidajen da ke shan ruwan rijiya sun fi yawan gudawa: wataƙila ruwan ne, wataƙila kuma gidajen ne ba su da masai, ko sun fi talauci. Wanda ya rubuta "yana da alaƙa da" ki ba shi makinsa, wanda ya rubuta "shi ke kawo" ki tambaye shi hujja. Wanda kuma ya nemi alaƙa bai samu ba, ya rubuta hakan ƙarara, kada ki rage masa. Rashin samu ma sakamako ne, kuma rage maki a kansa shi ke koya wa yara gyara alƙaluma.

Akwai abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa, ko da babu gurbinsa a takardar makinku: haƙƙin mutanen da aka yi binciken a kansu. Mu a Arewa mun san tsadarsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, wajen rabinsu aka ba su maganin, aka yi ta shari'a shekara da shekaru kan ko iyaye sun san abin da suka amince da shi, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabon yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su lokacin da aka ƙaurace wa riga-kafin shan inna a 2003. Tun 2007 ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya. Don haka ki nemi shaidar amincewar kwamitin ɗa'a a jikin fosta, ki kuma tambayi yadda aka nemi yardar mutane. Izinin mai unguwa ko hakimi wajibi ne don shiga gari, amma bai maye gurbin yardar matar da ake yi wa tambaya ba. Hotuna kuwa, ɗalibai na son manna hoton yaro mai tamowa, ko mai cutar noma da ke zaizaye baki da fuska, musamman da yake asibitin yara masu wannan cutar a garin nan yake tun 1999. Garinmu ƙarami ne a wajen sanin juna, wani cikin masu kallo zai iya gane ɗan waye. Fuskar da ba a rufe ba, ko suna, ko lambar kati, ni a wurina sun isa a cire fosta daga jerin masu neman kyauta, a kuma zaunar da ɗalibin a yi masa bayani cikin mutunci.

Batun Turanci da kika ambata, ga dabarar da nake yi. Bayan ɗalibi ya gama jawabinsa na minti uku, sai in ce, "To yanzu ɗauka ni ungozoma ce a garin da ka yi aikin, faɗa mini da Hausa abin da ka gano da abin da kake so in canza." Wanda ya yi aikin da hannunsa nan take fuskarsa ke sakewa, ya fara ba ki labarin tsohuwar da ta kore shi da wadda ta ba shi fura. Wanda aka rubuta wa, ko ya sauko da shi daga intanet, nan yake tsayawa cik, don abin da ya haddace ba ya juyuwa. Wanda ba Bahaushe ba ki ba shi dama ya yi da Turanci mai sauƙi, manufar ɗaya ce. Waɗannan yaran gobe a ƙaramin asibitin ƙauye za su zauna, kuma da masu jego da masu unguwa za su yi magana. Ki duba shawarwarinsu ma. "Gwamnati ta ƙara wayar da kan jama'a" jimla ce da za a iya liƙa wa kowace fosta. Ki nemi wadda ta fito daga cikin sakamakon, wadda ta ambaci wanda zai yi da abin da zai yi, kamar a matsar da ranar riga-kafi daga ranar kasuwar garin.

Ɗalibanki biyu kuwa, kada ki ba su maki. Ki faɗa wa sauran alƙalan tun kafin a fara, a ɗauki matsakaicin makin su biyun a kan waɗannan fastocin. Ko kin yi adalci, zuciyar sauran ɗalibai ba za ta kwanta ba, kuma sau da yawa malami kan matse nasa fiye da kima don gudun zargi, wanda shi ma zalunci ne. In akwai ɗan uwa ko ɗan maƙwabci a ciki, hukuncin ɗaya ne.

Da safe, kafin ɗalibai su shigo, ku ukun ku ɗauki fosta biyu ku ba su maki kowa shi kaɗai, sannan ku kwatanta, don ku daidaita abin da 7 cikin 10 ke nufi a wurin kowannenku. Daga nan kowa ya riƙe takardarsa, ba shawara sai an gama, don kada ƙarami ya bi bakin babba. Kada ku fara daga gefe ɗaya ku duka, saboda fastocin ƙarshe kan gamu da alƙali a gajiye bayan azahar. Kowane ɗalibi a ba shi lokaci daidai da na ɗan uwansa. In biyu suka yi kunnen doki, wanda ya fi maki a hanyar bincike shi ke gaba, kuma ku amince da wannan ƙa'idar a rubuce tun kafin ku san su waye. A bayan kowace takardar maki ki rubuta layi biyu da hannunki, abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da za a gyara, ki roƙi shugaban sashe a miƙa wa kowane ɗalibi tasa, har da waɗanda ba su ci komai ba.