Tambaya da Amsa: Duhu da Ƙara a Fim ɗin Jarumai, Laifin Fim ne ko na Gidan Kallo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Makon jiya munka shiga gidan kallo nan Gusau, anka sa mana fim ɗin jaruman nan na littattafan zane na Amurka, masu tashi sama suna ɗaga mota. Farkonsa ya yi mini daɗi ƙwarai, amma da anka zo faɗan ƙarshe sai duhu da hayaƙi da ƙara kamar injin niƙa. Ban gane wa ke dukan wa ba, maganar akta ma ba a ji. Na ce kuɗina sun tafi a banza, abokaina suna ta dariya wai ƙauyanci ke damuna. Ni ne ban iya kallo ba, ko wanga fim ne bai yi ba?
Mai karatu daga Tudun Wada, Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Idonka lafiyarsa ƙalau. Laifin ya rabu gida biyu, kuma kaso mafi tsoka na mai gidan kallo ne, don haka da shi za mu fara.

Duhun yakan faro tun daga fayil. Fim mai awa biyu da rabi da aka matse ya koma megabayit 300 ko 400 don ya shiga waya, inda ya fi jin jiki shi ne wurin duhu da hayaƙi, domin matsi yana zubar da ɗan bambancin da ke tsakanin baƙi da baƙi-baƙi. Shi ya sa bango ke komawa dabbare-dabbare, fuskar bos ta narke a cikinsa. A waya ba a lura, amma a allon inci 100 asiri tonuwa yake yi. Kwafin 1080p, wato mai hoto tangaran, na fim mai wannan tsawo bai kamata ya gaza gigabayit 2 ba. Wanda aka ɗauka da kyamara a ɓoye cikin sinima kuwa, ban da kasancewarsa kayan sata, ba shi gyaruwa.

Akwai akasin haka. Mai gida ya samo ƙaton fayil mai HDR a sunansa, wato tsarin hoto mai ƙarin haske da launi, yana murna ya dace, alhali majiginsa bai san HDR ba. Sai hoto ya fito a kode, toka-toka, idan na Dolby Vision ne, wani nau'in HDR, har fuskokin mutane su koma shunayya da kore. Magani ɗaya ne, a nemi kwafin da ba HDR.

Sai majigin kansa. Rumfar da haske ke shiga ta ƙarƙashin kwano ko ta ƙofa tana son mai lumen 3,000 zuwa sama (lumen ma'aunin haske ne), kuma a duba an rubuta ANSI, alamar awo na ƙa'ida, kusa da lambar, don ƙananan na kasuwa masu rubuta 9,000 ba ANSI haskensu na gaske bai kai ko kusa ba. Ƙwan majigi yana dushewa da yawan aiki. Ƙurar hunturu tana zama kan gilashi ta cinye haske, ta toshe matatar iska har ya yi zafi ya kashe kansa a tsakiyar fim. Lokacin hazo a cire matatar a kakkaɓe duk mako, kuma kada a kashe janareta sai fankar ciki ta gama sanyaya ƙwan. Idan talabijin ce, a da yawa daga cikinsu ƙara abin da aka rubuta Brightness baƙin hoto kawai yake mayarwa toka. Backlight, wato hasken bayan allo, ake ɗagawa, a kashe tsarin tsimin wuta. A kuma kashe TruMotion a LG, Motionflow a Sony, Auto Motion Plus a Samsung. Fim hoto 24 ne a daƙiƙa, su kuma waɗannan suna ƙirƙiro hotunan ƙarya su cusa a tsakani, sai faɗa ya zama sulɓi, gefen jikin akta yana rawa.

Maganar da ba ka ji ba ita ma da dalilinta. Sautin irin waɗannan fina-finai layi shida ne, wanda ake rubutawa 5.1: hagu, dama, tsakiya, biyu na baya, da na rugugi. Kusan duk magana a layin tsakiya take. Gidan kallo kuwa amfilifaya ce da sifika biyu, to idan na'urar ta miƙa hagu da dama kaɗai, fashewar bam za ta cika rumfa, magana ta ɓace. A shiga saitin sauti a zaɓi PCM ko sitiriyo, don layukan shida su haɗe su koma biyu. Idan akwai tsarin sauraron dare a kunna shi, yana danne ƙara ya ɗaga magana.

Yanzu fim ɗin. Ko an gyara duk wannan, kukanka yana nan da sauransa. Faɗan ƙarshe galibi ba a fili ake ɗaukarsa ba. 'Yan wasa suna tsaye gaban koren kyalle ko shuɗi, wasu cikin riga mai ɗigo-ɗigo da kwamfuta ke bi, an ɗaure su da waya a ƙugu. In an zo tsalle mai wuya, sai a cire mutum a sa hotonsa na kwamfuta. Dare da hayaƙi da ruwan sama suna rufa wa aikin gaggawa asiri, shi ya sa masu shiryawa ke son su. Hatta Black Panther na 2018, wanda ya ci Oscar uku, mutane da yawa sun soki faɗansa na ƙarshe a ramin haƙar ma'adinai cewa ya yi kama da gem. Idan kana son auna faɗa, dubi ƙafa: tana taka ƙasa da nauyi, ƙura na tashi, inuwa na bin ta? Sannan kana iya faɗin inda akta yake da inda bos yake a kowane lokaci? A ganinmu babban ciwon waɗannan fina-finai shi ne a ba bos ƙarfi irin na akta sak, da riga irin tasa, a bar su suna jifan juna da gine-gine ba mai jin ciwo. Nan kam gaskiya na wajenka, ba wajen abokanka ba.

TAMBAYA: Na kalli Avengers: Endgame, awa uku cur, mutane suna kuka ni ban san dalili ba. Ina aka bar ni?
Ɗalibi daga Birnin Kebbi

AMSA: A tasha aka bar ka, ɗan'uwa. Wannan fim na 2019 shi ne na 22 a jerin da kamfanin Marvel ya faro da Iron Man a 2008, kuma an gina shi ne a kan cewa ka san na baya. Mafi ƙaranci ka ga Infinity War na 2018, don Endgame rabinsa na biyu ne. Kada kuma ka haɗa gida biyu: Superman da ya fito a littafin zane a 1938 da Batman na 1939 'yan kamfanin DC ne, ba na Marvel ba, labarinsu dabam. Masu gidajen kallo su ma su ji: a yawancin fina-finansa Marvel na ɓoye ɗan guntun labari a tsakiya ko bayan jerin sunaye, wanda ke ɗaure fim da mai bi masa. Kuna kashe inji da zarar sunaye sun fara hawa, 'yan kallo su tashi ba su gani ba.

TAMBAYA: A Black Panther na ji kamar kalangu da waƙar Fillanci. Kunnena ne?
Makaɗi daga Argungu

AMSA: Kunnenka bai yi ƙarya ba, Malam. Mai kiɗan fim ɗin, Ludwig Göransson, ya je Senegal ya yi aiki da Baaba Maal, wanda ke waƙa da Fulatancin can. Gangar kuma tama ce, 'yar'uwar kalangu, ita ma a hammata ake matse ta don a sauya murya. Shuɗin rawani da tufafin ƙabilar 'yan kasuwa a fim ɗin daga Buzaye aka ɗauko salonsu. Harshen Wakanda, ƙasar da aka ƙirƙira a fim ɗin, shi ne dai ba namu ba, Xhosa ne na Afirka ta Kudu.

TAMBAYA: Yarona ɗan shekara bakwai ya kama ɗaura zanena a wuya yana dira daga katanga. In hana shi kallo ne gaba ɗaya?
Wata uwa daga Talata Mafara

AMSA: Hajiya, hani kaɗai ba ya tsayar da shi, zai gani a wayar maƙwabta. Ki fara da tantancewa. Yawancin waɗannan fina-finai alamarsu PG-13, wato an gargaɗi iyaye kan 'yan ƙasa da shekara 13. Wasu ma R ne, na manya, irin su Deadpool na 2016 da Joker na 2019, duk da cewa daga littattafan zane suka fito. Masu tura fim a waya ba sa nuna alamar, sai kin sa an duba sunan a intanet. Sannan a nemo bidiyon yadda aka ɗauki fim ɗin, ki zauna da shi ya ga igiyar da ke riƙe da akta, da katifun da aka shimfiɗa a ƙasa, da koren kyalle. Zanen wuya kuwa ki raba shi da shi yau, don yana iya maƙalewa a ƙusa ko reshe ya shaƙe shi. Idan ya riga ya faɗi ya bugu a kai, sai kika ga amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, a kai shi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.