Tambayoyinku da Amsoshin Likita: Ƙarfe a Ƙashi, Ashana a Hannu, Batir a Ƙirji

Tambaya: Likita, an sa mini ƙarfe a cinya bayan hatsarin babur. Abokai sun ce in guji fita idan ana ruwan sama, wai tsawa tana bin mai ƙarfe a jiki. Haka ne?

Amsa: Ba haka ba ne, Malam. Tsawa ba ta san kana da ƙarfe ba. Kuma ba ya tsatsa, domin da titaniyam ake yin sa ko ƙarfen tiyata na musamman. Wasu kan ji ɗan tsami a wurin lokacin hunturu, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma idan wurin ya kumbura ko ya yi zafi, ka koma asibiti.

Tambaya: Wata biyar ke nan da aka sa mini ashanar tazarar haihuwa a hannu. Al'adata ta rikice, kuma kishiyata ta ce abin yana tafiya har zuciya.

Amsa: Baiwar Allah, rikicewar al'ada ita ce matsalar da ta fi yawa ga masu ashana: wata ta riƙa ganin ɗigo-ɗigo, wata jinin ya ɗauke gaba ɗaya. Ɗaukewar ba ta nufin jini yana taruwa a ciki. Sa yatsa ki taɓa cikin damtsenki, za ki ji ta ƙarƙashin fata, tsawonta kamar santimita 4. Tana nan inda aka ajiye ta. Barin wurinta abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma idan kin laluba ba ki ji ta ba, ki je a duba. Implanon mai sanda ɗaya shekara 3 take aiki, Jadelle mai sanda biyu shekara 5. Abin da ya kamata ki sani, wanda ba a cika faɗa wa mata ba: maganin tarin fuka mai suna rifampicin da wasu magungunan farfaɗiya suna rage mata ƙarfi, har ciki ya iya shiga. Duk likitan da zai rubuta miki magani, ki gaya masa kina da ita. Jinin da ya yi yawa har kina jin jiri kuwa, wannan na asibiti ne a ranar.

Tambaya: Ɗana ya karye a ƙwauri, aka yi masa aiki aka ɗaura ƙarfe wata bakwai da suka wuce. Yanzu wata 'yar kafa ta buɗe kan tabon tana zubar da ruwa mai wari. Kemis ya ba mu kafso, sai ya tsaya ya dawo. Wani mai ɗori ya ce ƙarfen ne yake ruɓar da ƙashin, mu kawo shi ya matse ya ɗaura magani.

Amsa: Baba, wannan tambayar ce ta fi tayar mini da hankali, don haka ka yi haƙuri zan tsawaita.

Kada ku kai shi wurin mai ɗorin nan. Abin da ka bayyana alama ce ta ƙwayoyin cuta sun kama ƙarfen da ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Ƙarfe ba shi da jijiyar jini. Idan ƙwayoyin cuta suka zauna a kansa sai su lulluɓe kansu da wata yauƙi mai kama da gansakuka, maganin da ke yawo cikin jini ba ya ratsa ta sosai. Shi ya sa kafson kemis yake kwantar da ruwan kwana kaɗan, ya sake ɓullowa. Kowane zagaye na maganin da aka sha ba bisa ƙa'ida ba yana ƙara wa ƙwayoyin taurin kai.

Ga abin da ake yi a asibiti. Za a ɗauki hoton ƙashi a ga ko karayar ta haɗe, a gwada jini, sannan a shiga tiyata a wanke wurin, a cire mataccen nama da mataccen ƙashi, a ɗebi samfuri daga can ciki a gano irin ƙwayar cutar da maganin da zai kashe ta. Idan ƙashin ya haɗe, a cire ƙarfen gaba ɗaya. Idan bai haɗe ba, ko a bar shi na ɗan lokaci ana ba da magani, ko a sauya shi da irin ƙarfen da ake kafawa ta waje. Maganin kan ɗauki mako 6 ko fiye. Ba aikin kwana uku ba ne, kuma ba na ɓoye maka akwai kashe kuɗi.

To me zai faru idan aka matse aka ɗaure? Murzawar tana iya karya ƙarfen ko ta kwance sukurorin. Garin magani, toka, kashin shanu ko baƙin mai da ake cusawa cikin rauni, ƙazanta ce ake turawa kai tsaye cikin ɓargo, ga haɗarin cutar tetanus mai sandarar da jiki. Wai baƙin man inji a kan ƙashin mutum! Ɗaurin karare da tsumma kuma, idan ya yi tsauri, yana tare jini. Yatsu su yi sanyi, su yi baƙi, ƙafa ta mutu. Daga nan babu abin da ya rage sai yankewa. Da yawa daga ƙafafun da mutane ke cewa asibiti ya yanke, a wurin ɗauri suka mutu kafin a kawo su.

Ku koma inda aka yi aikin cikin makon nan, ko ku nemi asibitin ƙashi irin na Dala a Kano. Kafin nan a rufe wurin da bandeji mai tsabta, kada ya taka ƙafar sai da sanduna. Idan yana shan sigari ya daina, domin tana hana ƙashi haɗewa, a kuma gwada masa suga. Zazzaɓi, rawar sanyi, ko ƙarfen ya leƙo waje: a tafi a daren, kada a jira gari ya waye. Ina sake maimaitawa, ba wurin mai ɗori ba.

Tambaya: An sa wa mahaifina na'urar daidaita bugun zuciya. Zai iya riƙe waya? Batirin yana ƙarewa?

Amsa: Zai iya. Ya riƙa sa ta a kunnen ɓangaren da babu na'urar, kada ya ajiye ta a aljihun gaba da ke kan na'urar; tazarar santimita 15 ta isa. Ya nisanci injin walda, kada kuma ya jingina da janareta yana aiki. Makonni 4 zuwa 6 na farko kada ya ɗaga hannun wannan gefen sama da kafaɗa, don wayoyin da aka zura cikin zuciya su kama. Batirin kan kai kusan shekara 10, kuma a wurin duba na'urar ake ganin ya kusa ƙarewa tun da sauran watanni, saboda haka kada ya tsallake ranar asibiti. Suma, jiri ko ja a kan fatar wurin, a kai shi nan take.

Tambaya: Bayan aikin yanar ido, sai an riƙa sauya gilashin da aka sa a ciki?

Amsa: A'a Hajiya, na har abada ne. Idan gani ya sake dushewa bayan shekaru, sau da yawa 'yar fatar da ke bayan gilashin ce ta yi hazo, ana buɗe ta da hasken leza cikin mintuna. Kada ki bari masu yawo da allura su soki ɗaya idon.